KOGIN YUKON: INDA RUWA YA SAMO SUNA DAGA LAUNINSA

Duk wanda ya saba ƙetare Kwara a Jebba ko Lokoja a kan hanyarsa ta zuwa gida ya san cewa damina ce ke cika kogi. To, can arewacin ƙasar Kanada da jihar Alaska ta Amurka akwai wani babban kogi mai suna Yukon, wanda shi narkewar ƙanƙara ce ke cika shi.

Tsawonsa ya kusa mil 2,000, watau Kwara ta fi shi da kamar mil 600. Mafarinsa kuwa, bisa ga ra'ayin yawancin masana, wata ƙatuwar ƙanƙara ce da ake kira Llewellyn, a kudancin tafkin Atlin. Irin wannan ƙanƙara takan taru ne bisa duwatsu shekara da shekaru, har nauyinta ya sa ta riƙa gangarowa sannu a hankali, tana niƙe dutsen da ke ƙarƙashinta ya zama gari. Daga nan kogin ya ratsa biranen Whitehorse da Dawson, ya keta Alaska, ya faɗa tekun Bering.

Garin dutsen nan shi ne sirrin sunan. Idan bazara ta zo ƙanƙara ta narke, sai ruwa ya kwaso shi ya yi fari-fari kamar an dama koko. An fi ganin haka daga inda wani kogi da ake kira White ya shigo cikinsa, kafin a kai Dawson. Saboda haka ne mutanen ƙabilar Gwich'in suka kira shi da kalmomin da ke nufin "kogin farin ruwa". Turawan kamfanin fatu na Hudson's Bay da suka iso a shekarun 1840 suka ji sunan, suka murɗe shi ya dace da bakinsu. An daɗe ana rubutawa a littattafai cewa ma'anarsa "babban kogi", amma a ganinmu bayanin launin ya fi kama hankali. Mutanen Yup'ik na bakin teku su ne ke ce masa Kuigpak, wanda shi ne ainihin "babban kogi". Ba abin mamaki ba ne, don Kwarar ma a Mali Joliba ake ce mata.

A shekarar 1896 aka gano zinariya a yankin Klondike, baƙi suka yi ta kwarara, har a 1898 Kanada ta yanke yankin ta ba shi sunan kogin.

Su dai 'yan ƙasa arzikinsu kifi ne, musamman wanda ake kira samon, mai baro teku ya hauro kogin don ya yi ƙwai. Da shi suke ci, suna shanya shi don hunturu, lokacin da kogin ke daskarewa har kusan watan Mayu. Kifin ya ragu ƙwarai, har a shekarar 2024 Kanada da Alaska suka amince a daina kama babban nau'insa mai haurawa Kanada na tsawon shekara 7.