Git da VS Code: kayan aikin farko na mai son rubuta manhaja

Ɗalibai da yawa a Yamai, Maraɗi da Damagaram suna koyon rubuta manhaja, amma har yanzu wasu na ajiye aikinsu da sunaye irin su "na ƙarshe" da "na ƙarshe na gaske". Ranar da kwamfuta ta lalace ko aka sace ta, wahalar watanni ta bi ruwa.

Maganin wannan shi ne Git, wanda Linus Torvalds, mai Linux, ya rubuta a 2005. Kamar littafin ɗan kasuwa yake: kowane canji da ranarsa, da sunan wanda ya yi shi, da dalilinsa. Idan gyaran yau ya ɓata abin da ke aiki jiya, sai a koma na jiyan. Babban alfanunsa a nan gida shi ne yana aiki ba tare da intanet ba, domin duk tarihin aikin yana cikin kwamfutarka.

Shirin ba ya cin sisi. Ka sauke Git, sannan ka sauke VS Code, shafin rubuta manhaja da Microsoft ya fitar a 2015, wanda ke gane Git da kansa. Da farko ka gabatar da kanka da git config, ka sa sunanka da imel ɗinka. A cikin jakar aikinka ka buga git init. Duk sa'ad da ka kammala wani sashe, git add da git commit za su adana shi, tare da ɗan bayanin abin da ka canza.

Idan ka samu intanet, git push zai tura kwafi zuwa GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5. Tun 2021 GitHub ba ya karɓar kalmar sirri wajen turawa, sai mabuɗin SSH ko lambar izini. Kuma kada ka tura fayil mai ɗauke da sirrinka. Ka rubuta sunansa cikin.gitignore.

Ga mai neman aiki daga nesa, ko ɗan ci-rani a Faransa ko Kanada, shafin GitHub shaida ne da mai ɗaukar aiki zai buɗe ya gani da idonsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.