Kafin ka sayi injin jan ruwa, fara auna rijiyarka

Da yawa a nan Illela mutum zai shiga kasuwa ranar Lahadi, ko ya tsallaka Kwanni, ya ce a ba shi inji "mai ƙarfi". Mai shago kuma ya miƙo wanda ya fi tsada. Bayan wata biyu inji ya ƙone, kifi na haki a kwami.

Fara da zurfin ruwa. Ɗaura dutse a igiya, ka auna daga bakin rijiya zuwa saman ruwa, kuma lokacin bazara, Afrilu ko Mayu, sa'ad da ruwa ya ja baya. Awon watan Agusta ruɗi ne. Wanda ke kusa da fadamar Kalmalo zai iya samun ruwa kusa, na kan tudu kuwa sai ya yi nisa.

Injin da ake ajiyewa a bakin rijiya tsotso yake yi, kuma tsotso yana da iyaka: mita 7 zuwa 8. Ko doki nawa ne ƙarfinsa ba zai wuce haka ba, domin nauyin iska ne ke tura ruwan cikin bututu. In ruwanka ya fi haka nisa, sumo za ka saya, wanda ake zurawa cikin ruwa yana turowa sama.

Sai lissafin hawa. A ce ruwa na mita 15, tankinka na bisa mita 5, ka ƙara kamar 4 saboda tsawon bututu da lanƙwasa, ya zama 24. To ka lura, lambobi biyu da ke jikin inji, iyakar hawa da iyakar lita a minti, ba a samun su tare. Wanda aka rubuta masa mita 25, in ya kai can ɗigo kawai zai ba ka. Nemi mai 35 ko 40.

Lita nawa kake buƙata? Kaza mai ƙwai tana shan kamar rubu'in lita a yini, da zafi ya ƙaru sosai. Kaji 500 ke nan lita 125 zuwa sama, ƙaramin inji ya isa. Kifi ne mai cin ruwa. Kwami mai mita 3 da 2, zurfin mita 1, lita 6,000 ne. Canza rabi lita 3,000, awa biyu cur ga injin da ke ba da lita 25 a minti. Shin rijiyar za ta iya? Kwashe ta, ka duba agogo ka ga awa nawa take ɗauka kafin ta dawo. Babban inji a rijiya mai ƙaramin ido zai zuƙe ta cikin mintuna, ya ci gaba da juyawa babu ruwa, nan ne yake ƙonewa. Gara ƙarami mai aiki a hankali yana tara wa tanki, da makunnin nan mai yawo a ruwa da ke kashe shi in ruwa ya yi ƙasa.

Batun wuta: doki ɗaya wat 746 ne, amma wajen tashi yana jan ninki uku ko fiye, shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ni dai sola nake ba da shawara ga mai hali. Rana ba ta yi mana rowa a Sakkwato, sai dai a riƙa goge ƙurar hunturu daga faranti.

Wajen zura sumo, rataye shi da igiyar roba mai ƙwari, ba da wayar wuta ba, kuma ka ɗaga shi kamar mita ɗaya daga ƙasan rijiya don kada ya sha yashi. Ruwan da ya fito kuma a bar shi ya zubo daga sama yana fantsama cikin kwami, saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya da isasshiyar iskar da tarwaɗa ke buƙata.