Ɗan'uwan Karfasa Daga Amazon: Yadda Kifin Anjel Ke Haihuwa a Akwatin Gilashi

Masuncin da ya taɓa ciro karfasa a tafkin Tabalak, ko a madatsun da aikin raya karkara na Keita ya gina tun daga 1984, ya ga ta amayar da ƙwai daga bakinta, ya riga ya san rabin labarin nan. Karfasa uwa ce mai tattali. Namiji ke haƙa gurbi a yashi, mace ta zuba ƙwai, ta kwashe su a baki, ta yi kusan mako biyu ba ta kiwo har sai 'ya'yan sun iya iyo. Wannan kula da zuriya halin danginsu ne, kuma a cikin dangin akwai wani ɗan gayu da ake kira anjel, wanda ake ajiyewa a akwatin gilashi don ƙawata ɗaki.

Asalinsa kogin Amazon ne, a ƙasashen Birazil da Peru da Kolombiya. Jikinsa fale-fale ne kamar faifai, da dogayen fikafikai sama da ƙasa, shi ya sa yake buƙatar akwati mai tsayi: kamar santimita 45, mai ɗaukar lita 80.

Matsala ta farko ita ce aure. Da wuya ido ya bambance namiji da mace kafin lokacin ƙwai, kuma anjel ba ya son auren dole. Dabarar masu kiwo ita ce su sayi ƙanana shida su rena tare. Bayan wata shida zuwa shekara, za a ga biyu sun ware, sun kama kusurwa guda suna korar sauran. To, sun daidaita. Sai a mayar da su akwatin kansu, a jingina musu falalen dutse ko guntun tayil a tsaye, tunda a Amazon kan faffaɗan ganye suke ƙwai.

Idan suka fara goge dutsen nan da baki, abu ya kusa. Mace kan bi shi daga ƙasa zuwa sama tana manna ƙwai layi-layi, namiji na biye yana yi musu barbara. Ƙwan kan kai ɗaruruwa. Daga nan iyayen ke karɓa-karɓa, suna yi musu fifita da fikafikai don ruwa mai iska ya riƙa ratsa su, suna tsince duk wanda ya yi fari, wato ya lalace. Cikin kwana biyu zuwa uku ƙwai ya ƙyanƙyashe. 'Ya'yan kan yi kamar kwana biyar a manne suna motsa wutsiya, suna rayuwa da gwaiduwar cikinsu, kafin su tashi iyo.

Mai son gwadawa a Allakaye ko Buza ko Madawa, ruwa ne zai fi ba shi aiki. Anjel ya saba da ruwan daji mai laushi, ƙasar Adar kuwa cike take da dutsen farar ƙasa, irin wanda masana'antar siminti ta Malbaza ke ƙonawa. Rijiyar da ruwanta ke hana sabulu kumfa, yake kuma barin farin ƙanzo a gindin butar shayi, tana iya rage yawan ƙwan da zai ƙyanƙyashe. Maganinsa a tari ruwan sama mai tsabta da damina a riƙa sirkawa. Na famfo kuwa, a bar shi ya kwana a buɗe, maganin da aka zuba masa ya fice. Kowane mako a canza kashi ɗaya cikin huɗu, wato jarka guda mai lita 20, a kai tsohon ga shuka.

Sai ɗumi. Digiri 26 zuwa 28 ake nema. Da bazara, lokacin da zafin Tawa ke haura 40, akwatin na buƙatar ɗaki mai sanyi, nesa da taga, da ƙaramin injin hura iska wanda ko da faifan sola zai yi aiki. Da hunturu kuma sanyin asuba kan dakatar da ƙwai, sai an sa na'urar ɗumama ruwa.

Abin da ya fi ɓata wa sabon mai kiwo rai shi ne ya wayi gari iyayen sun cinye ƙwan. Sababbin ma'aurata sun saba yin haka a karon farko da na biyu, firgici kuma na ƙara shi: yara masu ƙwanƙwasa gilashi, ko haska tocila da dare. A rufe gefen akwatin da zane, a rage leƙe. In sun ƙi dainawa, a ɗauke dutsen da ƙwansa zuwa wani akwati mai ruwa iri ɗaya, a sa kumfar iska kusa da shi ta maye fifitar iyaye.

Ranar da 'ya'yan suka fara iyo ake fara ciyar da su, da artemiya, ƙananan halittun ruwan gishiri da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a Nijeriya ke saye a gwangwani. Ana ba su kaɗan-kaɗan, sau uku ko huɗu a rana, a zuƙe ragowar da siririn tiyo. Bayan mako uku zuwa huɗu kamannin iyayen ke bayyana, a wata uku kuma jikin kowanne ya kai faɗin tsabar dala ashirin, ya isa a raba wa maƙwabta ko a kai kasuwa.