Tafiya da yaro mai otizim: daga jirgin ruwa zuwa tashar Gure

Ƙasar Nijar ba ta da teku, kuma yawancin mutanen Gure ba su taɓa ganin jirgin ruwa na yawon hutu ba sai a hoto. Irin wannan jirgi kamar gari ne mai tafiya. Mutane dubbai suna kwana cikinsa mako ɗaya ko biyu, ana zagayawa da su daga gaɓa zuwa gaɓa. Duk da nisan abin, akwai darasi a cikinsa ga magidantan ƙasar Muniyo, game da yadda ake tafiya da matashi mai otizim.

Mene ne otizim?

Otizim, wanda wasu ke kira galahanga, lalura ce da ta shafi yadda ƙwaƙwalwar yaro ke girma. Likita Leo Kanner ya bayyana ta a Amurka cikin shekarar 1943. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita, kuma an fi ganinta ga yara maza. Wani yaron ba ya magana, wani yana yi amma ba ya son haɗa ido da mutane. Da yawansu suna son komi ya tafi yau kamar yadda ya tafi jiya. Ƙara mai ƙarfi, cunkoso ko baƙon wari na iya gigita su. Wannan ba aikin iskoki ba ne, ba laifin uwa ba ne, kuma bincike ya tabbatar allurar rigakafi ba ta kawo shi.

Abin da masu jiragen suka gane

Shekaru da yawa iyalai masu irin waɗannan ƴaƴa a ƙasashen Turawa suna gudun tafiya, don tsoron idon jama'a. A Amurka wata ƙungiya mai suna Autism on the Seas ta shiga raka su cikin jirgi, da ma'aikata masu horo. A shekarar 2014 kamfanin Royal Caribbean ya zama na farko da ya samu shaidar cewa jiragensa sun dace da masu otizim. Abin da aka gyara ba mai tsada ba ne. Ana shigar da iyalin da wuri, ba tare da dogon layi ba. Ana ba yaro abincin da ya saba. Wurin kallon fim ana rage ƙara, a bar fitila a kunne, kuma ba a hana shi tashi ya zagaya.

Hanyar Gure zuwa Damagaram

A nan gida, tafiyar ta mota ce. Daga Gure zuwa Damagaram kimanin kilomita 160 ne, ta Gidigir, Gidimuni da Mirriya. Zuwa Yamai kuwa hanya ta haura kilomita 1000. Lokacin dogon hutu ko Salla, ko in za a kai yaro babban asibitin Damagaram, magidanci yakan tsaya yana tunani. Ɗansa ya kai shekara 15, ya yi ƙarfi, ba ya goyuwa. In ya firgita a tasha ya ruga, wane ne zai kama shi? In ya ɓace, ƙila ba ya iya faɗin sunansa. Saboda haka sau da yawa sai a kulle shi cikin ɗaki, ko a bar uwa tana tsaronsa. Ta haka uwa ke rasa biki da gaisuwar mutuwa, yaro ya girma bai san dangi ba, wani ma ya rasa ganin likita.

Shiri tun daga gida

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. Kwanaki kafin tafiya, a riƙa gaya ma yaro inda za a je, a nuna masa hoton mota a wayar salula. A kai shi tasha sau biyu ko uku ya ga wuri, a komo gida. In da hali, a fara da gajeriyar tafiya kamar zuwa Gidigir.

Ranar tafiya, a nemi kujera ta gefen taga, nesa da lasifika, babba guda ya zauna kusa da shi. A riƙe furar da ya saba, da dabino, da ruwa, da abin da yake son riƙewa a hannu. Auduga a kunne ko rawani na rage ƙara. In yana shan maganin farfaɗiya, wadda ke yawan zuwa tare da otizim, a sa maganin cikin aljihu, kada a ɗaure shi cikin kaya bisa mota. A ɗinka masa takarda a riga mai ɗauke da sunansa, garinsu da lambar wayar mahaifinsa, da Faransanci da Hausa. A rubuta harshen da yake ji, domin yaron Muniyo ƙila Barbarci ko Fulatanci kaɗai ya sani.

Hakkin ma'aikata da jama'a

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin naƙasassu a shekarar 2008. Cika wannan alkawali yana farawa daga ƙananan abubuwa. Shugaban tasha na iya shigar da iyalin kafin turmutsitsi. Direba na iya rage rediyo. Jandarma a shingen bincike na iya duba takardu ta taga, ba sai an sauko da yaro da tsawa ba. Majo a gidan likita na iya ba uba takardar da ke bayyana lalurar, don ya nuna a hanya. Fasinja kuma, in yaro ya yi kuka ko yana kaɗa jiki, ya ba shi fili, ya bar dariya da zargin iyaye.

Ranar 2 ga Afrilu, wadda duniya ke kiyayewa tun 2008 don faɗakarwa kan otizim, dama ce ga malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan bayani a azuzuwansu, su kuma isar da shi ga ƙungiyar direbobi. Allah ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya.