"Umma! Umma! Umma!": Abin da ke Sa Yaro Nanata Magana Ɗaya

Da la'asar sakaliya, lokacin da tukunya ke kan wuta kuma hankalin uwar gida ya rabu gida uku, a lokacin ne ɗan shekara uku yake zuwa ya riƙe gefen zani. "Umma, kin ga motata." Ba a tanka ba. "Umma, kin ga motata." Ta ce "uhm" tana tuƙa tuwo, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ya sake faɗa, ya ƙara faɗa, murya na hawa, har sai da ta juyo a fusace: "Na gani! Wai kai ba ka gajiya ne? Ka ishe ni, fita waje!" Motar dai gwangwanin madara ce da aka yi wa tayu da murfin kwalba, kuma abin da ya nema tun farko bai wuce a ɗago ido a dube ta ba.

Da wuya a sami gidan da bai san wannan ba. Wani ya ce yaron naci gare shi, wani ya ce fitinanne ne, kaka kuma ta ce uwarsa ce ta shagwaɓa shi. Amma masu binciken tasowar yara sun daɗe suna naɗar muryoyin yara suna ƙirga abin da suke faɗa, kuma abin da suka gano ya wanke yaro daga mafi yawan wannan zargi.

A 2007 wata masaniya a Amurka, Michelle Chouinard, ta wallafa nazarin da ta yi wa hirarrakin yara huɗu da manyansu, waɗanda aka riƙa naɗa tsawon shekaru. Cikin awanni fiye da 200 ta ƙirga tambayoyi sama da 24,000. Ke nan yaron da ya sami babba a kusa yana jefo masa fiye da tambaya ɗaya kowane minti. Mafi yawansu na neman sani ne: mene ne wannan, ina ya tafi, me ya sa. Shekara biyu bayan haka, Brandy Frazier da Susan Gelman da Henry Wellman na Jami'ar Mishigan suka bi diddigin abin da yaro ke yi bayan an ba shi amsa. Idan ya ce "me ya sa" aka yi masa bayani, yakan gamsu, ko ya ɗora wata sabuwar tambayar a kai. Idan kuwa aka kauce masa, ya fi yiwuwa ya maimaita tambayar tasa, ko ya ƙago bayanin da kansa. A gida ana ganin haka kullum. Yarinya ta ce, "Baba, me ya sa ake rufe kaji da dare?" In ya ce "haka ake yi", zai sake jin tambayar. In ya ce "don kada muzuru ya kama su", abin da zai biyo baya shi ne a ina muzurun yake kwana.

Wanda ya yi sallama a ƙofar gida bai ji an amsa ba, ai sakewa yake yi, kuma ba wanda ke ce masa mai naci. Yaro ma yana jiran alamar cewa maganarsa ta isa inda ya aika ta, kuma "uhm" ɗin da aka yi da baya a juye ba ta ishe shi alama ba.

Wannan buƙata ta girmi magana. A shekarun 1970 Edward Tronick da abokan aikinsa suka yi wani gwaji da ya shahara. Uwa ta zauna tana wasa da jaririnta ɗan watanni, sai a ce ta daskarar da fuskarta na 'yan mintuna, ba murmushi, ba magana. Nan take jaririn zai shiga ƙoƙarin dawo da ita: ya yi mata murmushi, ya yi gwalantu, ya miƙa hannu, ya sake, ya ƙara. In bai yi nasara ba sai ya kau da kai, jikinsa ya yi sanyi, ya fashe da kuka. Yau babu buƙatar a umarci kowa ya daskarar da fuska, waya na yin wannan aikin. A wani binciken da aka wallafa a 2014, likitar yara Jenny Radesky da tawagarta sun zauna a gidajen cin abinci a birnin Bostan suna lura da manya 55 da suka zo da yara. Guda 40 sun ciro waya ana cikin cin abinci. Wasu yaran suka ci abincinsu shiru, wasu kuwa suka yi ta ƙara ƙaimi wajen neman a dube su, kuma manyan da suka fi nutsewa a wayar su ne suka fi mayar da martani da tsawa.

Sai dai akwai ɓangaren da manya ke koya wa yaro da hannunsu, ba da saninsu ba, kuma shi ya fi cancanta a tsaya a kansa. Tun a 1957 B. F. Skinner da Charles Ferster suka nuna, da gwaje-gwaje a kan tattabaru, cewa ɗabi'ar da ake saka wa jefi-jefi ta fi wuyar bari a kan wadda ake saka wa kowane lokaci. Tattabarar da ba ta san a karo na nawa hatsi zai faɗo ba, ba ta daina tsattsagar maɓalli. A duba yadda abin ke gudana a shago. Yaro ya ce a saya masa alewa, uba ya ce a'a. Ya sake, aka ce a'a. Ya yi ta yi, mutane na kallo, daga ƙarshe uba ya ciro kuɗi don a zauna lafiya. Darasin da yaron ya ɗauka shi ne "a'a" ta farko ba ta da nauyi, sai an dage. Gobe zai fara daga inda ya tsaya jiya. Haka nan idan kiran farko da na biyu da na biyar ba sa samun komai, sai na goma mai haɗe da ihu ne ke sa a juyo, to an nuna masa cewa ihun ne ke aiki. Tsawa ma kulawa ce a wurin yaron da ya rasa mai dubansa.

Wani rahoto na 1959 da Carl Williams ya rubuta ya nuna yadda abin ke warwarewa da yadda yake dawowa. Yaro ne ɗan wata 21 da ya sha jinya, ya saba sai an zauna a gefensa har ya yi barci, in an tashi ya yi ta kururuwa. Da ya warke, iyayen suka yanke shawarar kwantar da shi cikin lallashi su fita. Karon farko ya yi minti 45 yana kuka. Kafin karo na goma ya daina gaba ɗaya. Bayan kamar mako guda sai wata 'yar'uwar iyayensa ta kwantar da shi, ya yi kuka, ta koma ta zauna, aka koma gidan jiya. Ba a kawo wannan don a ce a riƙa barin yaro yana kuka ba. Abin lura biyu ne: idan aka daina biye wa naci, yakan ƙaru kafin ya ragu, sannan mutum ɗaya a gida ya isa ya warware abin da sauran suka ɗaure. A gidan da uwa ta ce a'a, yaro ya zagaya ɗakin kaka aka ce masa "zo ka karɓa, rabu da ita", ba za a ga ƙarshen naci ba sai manyan sun haɗa baki.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin yaron. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya kuma ba shi ikon jira, shi ne na ƙarshe wajen nuna, ba ya kammala sai an haura shekara ashirin. Philip Zelazo yana da wani gwaji da katuna masu hoton jan zomo da shuɗin jirgin ruwa. A ce wa yaro ya ware su bisa launi, ya yi daidai. Sai a ce yanzu bisa siffa, zomo nan, jirgi can. Mafi yawan 'yan shekara uku za su ci gaba da warewa bisa launi, alhali in an tambaye su sabuwar dokar za su faɗe ta da bakinsu. 'Yan shekara biyar ba sa samun wannan cikas. Don haka yaron da aka ce wa "bari in gama" ya dawo bayan daƙiƙa ashirin, ya ji sarai, riƙe maganar ne ya gagare shi. "An jima" kuwa ba ta da tsawo ko gajarta a kansa. "Idan na sallame salla" ko "idan na sauke tukunya" ta fi, domin abu ne da zai gani da idonsa.

Wani maimaicin ma ba neman kulawa ba ne, karatu ne. A 2011 Jessica Horst ta Jami'ar Sussex a Ingila ta gwada 'yan shekara uku da labarai masu ɗauke da baƙin kalmomi. Waɗanda aka maimaita wa labari ɗaya sun fi riƙe kalmomin a kan waɗanda aka karanta wa labarai mabambanta, ko da yake duka sun ji kalmomin sau adadi ɗaya. Jikan da ke cewa a sake masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ta jiya, ya kuma gyara wa kaka in ta tsallake wani wuri, aikinsa yake yi.

To me za a yi? Abin da ya fi rage naci shi ne amsa da wuri, kuma cikakkiya. A juyo, a durƙusa daidai tsayinsa in da hali, a dube shi, a mayar masa da abin da ya faɗa: "Na ga motarka, har da tayu huɗu ka yi mata." Wannan bai kai daƙiƙa goma ba, kuma sau da yawa shi ke nan, sai ya juya ya ci gaba da wasansa. In roƙo ne kuma amsar a'a ce, a faɗe ta sau ɗaya da dalilinta a taƙaice. Ya sake, a ce masa cikin sanyin murya, "Ka tambaya, na ba ka amsa", ko a juya masa tambayar: "Me na ce maka ɗazu?" Daga nan ba a sake buɗe shari'ar. Gara ma a yi tunani kafin a furta a'a, domin wadda za a janye bayan minti biyar ba ta da amfanin faɗa tun farko. Ga yaron da ke katse hirar manya, akwai dabarar da iyaye da yawa ke jin daɗinta: a koya masa ya ɗora hannunsa a kan hannun babba ba tare da magana ba, babban ya dafa nasa a kai alamar ya sani, sannan ya juyo da zarar ya kai aya. Da farko kada jiran ya wuce 'yan daƙiƙu, kuma a yaba masa in ya jira.

Sheila Eyberg, wadda ta tsara wata hanyar horar da iyaye a Amurka a shekarun 1970, ta ɗora musu aikin gida na minti biyar kullum: su zauna su bi wasan da yaro ya zaɓa, suna faɗin abin da yake yi, suna yabawa, ba umarni, ba tambaya, ba gyara. Hikimar ita ce yaron da ya san yana da rabonsa tabbatacce ba ya yini yana farautarsa.

A ƙasar Hausa maganar na da wani kusurwa. Al'adar alkunya ta sa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kuma nuna masa kulawa a gaban mutane. Baba ta Karo ta ba da labarin wannan a littafin tarihin rayuwarta da Mary Smith ta wallafa a 1954. Al'adar ta zauna lafiya ne a babban gida, inda in uwa ta kau da kai akwai kaka da goggo da yayye da za su amsa. Ma'auratan da ke zaune a ɗaki da falo na haya a Kano ko Maraɗi ba su da wannan runduna, kuma in uwa ta riƙe alkunyar yadda aka gada, ɗan fari zai yi ta kira babu mai amsawa. Lokacin yaye da lokacin da aka yi wa yaro ƙani su ma lokuta ne da nanata magana ke ƙaruwa, domin gurbinsa ne ya ga ya motsa.

Akwai maimaicin da ke buƙatar idon likita. Yara kan kwaikwayi abin da aka faɗa musu yayin koyon magana, abin kuma yakan ja baya wajen shekara uku. Idan ya zarce, har a ce "kana son ruwa?" yaro ya amsa da "kana son ruwa?", ga shi ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ko ya rasa kalmomin da ya iya a da, to a duba yiwuwar lalurar otizim, wadda wasu kafofin labarai ke kira galahanga. Barry Prizant da Judith Duchan sun nuna a 1981 cewa irin wannan maimaicin yakan ɗauki saƙo, wani lokaci "e" yake nufi, don haka hana shi da tsawa toshe wa yaron hanyar magana ne. Yaron da kullum sai ya ce "me?" ko yake ɗaga murya fiye da kima, a gwada jinsa, ruwa kan taru a bayan dodon kunne bayan mura, kuma sanƙarau da ƙyanda na iya taɓa ji. Maimaita gaɓar kalma, irin "ba-ba-ba-bani", in'ina ce, takan ɓullo tsakanin shekara biyu da biyar, kuma mafi yawan yara na wuce ta, amma kwaikwayon yaron ko ce masa ya yi sauri na ƙara masa nauyi. Wanda kuma ke ta tambayar "Baba zai dawo?" bayan wani tashin hankali ko rasuwa a gida, tsoro ne ke cinsa, kuma amsa iri ɗaya cikin natsuwa ce ke kwantar masa da hankali.

Yara kan yi gum a gaban likita, don haka yana da amfani iyaye su naɗi ɗan gajeren bidiyon yadda yaron ke magana a gida su tafi da shi asibiti, wurin likitan yara ko sashen kunne da hanci da maƙogwaro.