Cinikin mota a Nijar: A fili ake sallamawa, a gareji ake sanin ainihin farashi

A Jamhuriyar Nijar akasarin motocin da ke bin tituna ba sababbi aka sayo su ba. Sun yi shekaru suna aiki a Turai ko Amurka kafin su ƙetaro teku, abin da ya sa jama'a ke yi musu laƙabi da Faransanci "Au revoir la France", wato sai wata rana Faransa. Mutum kan zuba kuɗin da ya yi shekaru yana tarawa a kan irin wannan mota, amma sau da yawa yakan bar filin ciniki ba tare da ko layi ɗaya a rubuce ba kan wanda zai ɗauki asara idan injin ya tsaya.

Mako uku na murna

Wani malamin makaranta a Maraɗi, ɗan uwa ga mai rubuta wannan rahoto, ya haɗa kuɗin adashi da bashin banki da za a riƙa cirewa daga albashinsa, ya sayi ƙaramar Toyota a wani filin sayar da motoci. Maƙwabcinsa ne ya yi dillancin. Fenti na ƙyalli, kujeru tsaf, kwantar kuma na nuna tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba. Aka zagaya unguwa sau ɗaya, aka taya, aka yi albarka, aka sallama.

Mako uku bayan haka, a kan hanyar Tasawa, allurar zafi ta haura, tururi ya turnuƙe gaban motar. Makanikin da ya kwance injin ya tarar cewa motar ta taɓa yin zafi a baya, an yi mata gyaran wucin gadi ne kawai. A jikin ƙofar direba kuma ya nuna masa wata ƴar takarda ta garejin Amurka da aka manta ba a ɓamɓare ba, mai ɗauke da adadin tafiyar da motar ta yi ranar da aka canja mata mai. Adadin ya zarce wanda kwantar ke nunawa nesa ba kusa ba.

Da ya koma filin, mai motar ya ce shi ma haka ya saye ta, bai taɓa buɗe injin ba. Dillali ya ce shi haɗa ciniki kawai ya yi. Ba rasit, ba yarjejeniya, shaidu kuwa duk ƴan filin ne. Daga ƙarshe dattawan unguwa suka shiga tsakani aka raba kuɗin gyara biyu. Motar ta yi fiye da wata a gareji, banki kuwa bai fasa cire nasa ba.

Doguwar hanya kafin fili

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo. Na Turai da dama daga tashar Anvers ta Beljiyam ake loda su. Na Amurka kuwa wani kaso mai yawa daga gwanjon kamfanonin inshora yake fitowa, inda ake sayar da motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye. Ana gyara su a hanya ko bayan sun iso, a yi musu fenti, su shiga layi ɗaya da masu lafiya.

Shekara da shekaru tashar Kwatano ce ƙofar shigowar waɗannan motoci. Daga manyan filayen Sekanji a ɗauko su, a ƙetara gadar Malanbil zuwa Gaya, tafiyar kilomita dubu da ɗoriya kafin Yamai. Maraɗi da Ƙonni sun daɗe suna cin moriyar wannan hanya saboda motocin da ke wucewa Najeriya, har zuwa watan Janairun 2017 da Najeriya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, iyakar Benin ta rufe. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, sai dai hukumomin Nijar sun ci gaba da rufe nasu ɓangaren bisa dalilan tsaro. Kaya suka koma tashar Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari mai rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuma duk kwanan da mota ta yi a hanya kuɗi ne da zai hau kan mai saye na ƙarshe.

Tsakanin dillali da mai mota

A yawancin filaye, wanda ya tarbe ka da fara'a ba shi ne mai motar ba. Dillali ne, wani lokaci ma dillalin dillali, kowa da la'adarsa a cikin farashin da za a faɗa maka. Ba laifi ba ne, sana'a ce da ta daɗe a kasuwannin Hausa, kuma dillali nagari yakan hana baƙo faɗawa rami. Matsalar ita ce la'adarsa tana fita ne ranar da ciniki ya faɗa, ba ranar da mota ta cika shekara lafiya ba.

Ƙorafe-ƙorafen masu saye kusan iri ɗaya ne daga Yamai zuwa Damagaram: an mayar da kwantar baya, an ɓoye hatsari da fenti, an cire jakar iskar da ke kare direba ba a mayar ba, an kwance katalizar da ke cikin salansa an sayar saboda ma'adinai masu tsada da ke cikinsa. Akwai kuma kuskuren lissafi da ba laifin kowa ba: kwantar motocin Amurka da mil take ƙirga, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Motar da ta nuna 150,000 ta yi kilomita 240,000 ke nan.

Wasu kan zaɓi yin oda don samun rangwame. A turo hotuna ta WhatsApp, mutum ya ba da kafin alƙalami, ya zauna jira. Wannan shi ne cinikin biri a sama. Idan aka yi dace motar ta zo yadda aka gani. Idan ba a yi ba, watanni su shuɗe, a ce kuɗin duwan ko na hanya ya ƙaru, mai oda kuma ba shi da zaɓi illa ya cika, tunda kuɗinsa sun riga sun yi gaba.

Su ma masu sayarwa suna da nasu uzurin. Da yawansu a hoto suka ga motar kafin su saya, ba su san tarihinta ba. Jarinsu na kwanciya watanni a rana da ƙura. Akwai kuma masu saye da ke karɓar mota da alkawarin cika kuɗi, su yi ta aiki da ita ba canjin mai, sai ta lalace su dawo suna cewa an cuce su. Rashin rubutu na cin kowane ɓangare.

Kamfani mai garanti, amma ga wa?

Akwai wata hanyar ta daban: sayen sabuwar mota a hannun wakilin kamfani, kamar CFAO da ke wakiltar Toyota a Yamai. A nan akwai rasit, akwai littafin kula da mota, akwai kayan gyara na asali, kuma garantin da Toyota ta saba bayarwa shi ne shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Sai dai farashin ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, shi ya sa manyan abokan cinikin irin waɗannan kamfanoni su ne ma'aikatun gwamnati, ƙungiyoyin agaji da manyan ƴan kasuwa.

Garanti kuma yana tafe da sharaɗi: a riƙa kai motar garejin da kamfani ya amince da shi a kan lokaci. Ga mazaunin Yamai wannan ba wuya. Daga Maraɗi kuwa tafiyar kimanin kilomita 660 ce, daga Damagaram kusan 900. A yanayinmu na zafi da ƙura makanikai kan ba da shawarar bidanj, wato canjin man inji, duk kilomita 5,000. Badamagaren da zai je Yamai ya dawo don wannan aiki ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na wa'adin a hanyar gareji kawai.

Inda kuɗi ke zurarewa

Don haka mafi yawan masu motoci garejin unguwa suke dogara da shi. A can akwai gwanaye da ke gane ciwon inji da kunne, waɗanda suka koyi aiki tun suna yara a hannun maigida. Amma motocin da ke shigowa yanzu kwamfuta ke sarrafa injinsu da giyarsu, kuma garejin da ba shi da na'urar bincike sai ya koma canje-canje: a canja buji, in ba ta yi ba a canja famfon mai, in ba ta yi ba a taɓa wani abu, duk a aljihun mai mota.

Wasu al'adun gyara ma su ke kashe injin a hankali. Ana cire tamostat da sunan wai ƙasarmu akwai zafi, alhali aikinsa shi ne riƙe injin a daidai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. Cire shi na ƙara shan mai. Ana zuba ruwan famfo ko na rijiya a lagireto maimakon ruwan sanyaya inji, tsatsa ta toshe hanyoyi, sai a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, injin ya tafasa. Ƙurar hunturu na cika matatar iska cikin ɗan lokaci. Man kwalba na bakin titi, wanda aka fi sani da ruwa-ruwa, idan ya zo da datti yakan toshe hanyoyin man injunan zamani.

Kayan gyara kuwa hawa-hawa ne: na asali, na kwance daga tsofaffin motocin waje, da na kwaikwayo masu kwali mai kyau. Kaso mai yawa na abin da ake sayarwa a Maraɗi da Damagaram daga Najeriya yake shigowa, musamman kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Mai motar da ya miƙa kuɗi ya tafi ba ya sanin wane hawa aka saka masa. Shi ya sa masu hankali ke sayo kayan da kansu tare da makaniki, su kuma nemi a ba su tsohon da aka cire.

Abin da addini da doka suka tanada

Mutane da dama na ɗauka cewa da zarar an sallama magana ta ƙare. Ba haka ba ne. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, littafin Risala ya hana algus da ɓoye aibi a ciniki, kuma wanda ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin riƙe kaya ko mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ita ma ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da ya hana amfani da kaya. Akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2015, akwai kuma ƙungiyoyi irin su ADDC Wadata da ke karɓar koke.

Sai dai duk waɗannan hujja suke nema: yaushe aka saya, nawa, a hannun wa, kuma me aka ce game da lafiyar motar. Wanda ba shi da takarda, ko gaban alƙali ya je maganarsa ce da ta abokin cinikinsa.

Kafin a miƙa kuɗi

Makanikai na ba da shawarar mai saye ya zo da nasa makanikin, ba wanda filin ya kawo ba, kuma a je da sassafe a tayar da injin yana sanyi. Shuɗin hayaƙi alama ce ta injin da ke ƙona mai, farin hayaƙi mai kauri da bai yankewa kuma alama ce ta ruwa na shiga inda bai kamata ba. A buɗe murfin man inji; in an ga abu fari-fari kamar kindirmo, a yi hattara. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a duba tsatsa da busasshiyar laka, tabon da ambaliya ke bari. Fitilar jakar iska ta kama idan an murza makulli, sannan ta mutu bayan daƙiƙoƙi. Tayoyi na ɗauke da lambobi huɗu na mako da shekarar da aka ƙera su: 2318 na nufin mako na 23 na 2018.

Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, dole ta yi daidai da ta takardar duwan da ta kartigiriz. Idan motar Amurka ce, da wannan lamba ana iya neman tarihinta a intanet, a wasu lokuta har da hotunanta na ranar gwanjo. A kuma ware kuɗin canja suna, asiransi, binyet da bizit, da na bidanj na farko, kafin a ce an san farashi.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi kowanne araha: takarda guda mai sunan mai sayarwa da mai saye, lambar shasi, adadin kwantar, kuɗin da aka biya, da kwanakin da aka amince a dawo da motar idan inji ko giya suka nuna matsala, da sa hannun shaidu daga ɓangarori biyu. Wasu na ganin neman rubutu tsakanin ƴan uwa ko maƙwabta rashin yarda ne.

Malamin nan na Maraɗi shi ma haka ya ɗauka ranar cinikin, ya ji nauyin ya ce wa maƙwabcinsa a rubuta. Yau motar ta tashi, tana kai shi makaranta. Shi da maƙwabcin kuwa, gaisuwa ce kawai ta rage a tsakaninsu.