Wa ake ba makullin asusu?

Duk wadda ta taɓa awon gero a kasuwar Tanut ko ta Balbeji ta san ba a yarda da bakin buhu. Sai an cusa hannu can ƙasa, a damƙo, a murza, a shinshina, kafin a yi maganar kuɗin tiya. Damargu rumbun hatsi ce tun zamanin da ayarin Abzinawa ke gangarowa awo, ba mai koya mana wannan. Amma ranar neman wa ɗanmu mata, sai ka ji iyaye mata suna tambaya: "Fara ce? Tana da jiki?"

To, ƴan matanmu suna ji. Shi ya sa man shafawa mai sa fari ya cika tebura, ga ƙwayoyin ƙiba kusa da shi. Wasu mayukan akwai zaiba a ciki, mai taɓa ƙoda. Wasu kuma suna cinye fata har ta yi laushin da ko rauni ba ya saurin warkewa, balle a ranarmu ta Damargu. Ƙasar Kodebuwa ta hana sayar da irinsu tun 2015. Ba mu ga laifin yarinya ba, abin da aka ce ana so ta saya.

Amma mu duba inda kuɗi yake. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, tsarin da ya bazu ƙasashen Afirka da dama har ya ƙetara teku. Mata su haɗu, kowace ta zuba abin da ta iya duk mako, mai bukata ta ranta ta biya. A yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi akwatin kwaɗo uku gare shi, makullai a hannun mata uku, shi kansa akwatin a ɗakin wata daban.

Hajiya, ke da kin sha zaman asusu, ranar zaɓen masu makulli wa ta taɓa tambayar launin fata? Ana neman wadda ba ta cin bashi ta ɓuya, wadda bakinta ke riƙe sirri, wadda lissafinta ba ya kuskure ko ba ta shiga lakwal ba. Sau da yawa baƙa ce, siririya, zanenta ya koɗe, tana can gefen rumfa tana sayar da kuka da daddawa. Jikunanmu na kwana a ɗakinta, mu kuma mu yi barci.

Ƴarta tana nan, ita ke taya ta ƙirga canji. Kaka na tafe, masu neman aure sun fara aike.